Studd da Peate: wanda ya bar kurket da kansa da wanda aka sallama

A watan Agustan 1882, a filin Oval da ke Landan, Ingila na neman maki 85 kacal domin ta doke Ostiraliya a wasan kurket, wanda ake buga ƙwallo da sanda, amma ta sha kashi da ratar maki 7. Mutum biyu ne suka rage mata a fili a ƙarshen wasan: Charles Studd na ƙungiyar gundumar Middlesex, da Ted Peate na Yorkshire. Peate ya ɗaga sanda da gaggawa aka fitar da shi, aka bar Studd tsaye a ɗaya ɓangaren ba tare da ya ci ko maki ɗaya ba. Daga wannan rashin nasara ne gasar Ashes, wadda Ingila da Ostiraliya ke fafatawa a cikinta, ta samo sunanta.

Studd bai daɗe a wasan ba. An haife shi a 1860, ya yi karatu a Eton da Cambridge, kuma a kakar 1882 ya tara maki sama da 1,000 tare da fitar da 'yan wasa fiye da 100, abin da ba kowa ke iya haɗawa ba. A 1884, yana kan ganiyarsa, ya ajiye sanda bayan ɗan'uwansa George ya yi jinya mai tsanani, sannan ya tafi ƙasar Sin aikin mishan a 1885, ya kuma rabar da dukiyar da ya gada. Ya rasu a Kwango a 1931.

Masu ba da tarihinsa sun fi son su tsaya kan sadaukarwar, kuma ban musanta ta ba. Sai dai a ganina, gajartar zamansa a kurket ta fi bayyana yadda aka raba wasan gida biyu a Ingila ta wancan zamani. Akwai 'ya'yan masu hali da ke buga shi don sha'awa, akwai kuma talakawan da ke cin abinci da shi, kuma a manyan filaye ɗakin sauya kaya ma daban ne, ƙofar shiga fili daban. A takardar sakamako ana girmama sunan ɗan masu hali, shi kuwa mai karɓar albashi sau da yawa sunan mahaifinsa kawai ake rubutawa. Ba a soke wannan bambanci ba sai bayan kakar 1962.

Studd ya iya tafiya ne saboda cikinsa bai dogara da kurket ba. Peate kuwa ɗan albashi ne, kuma duk da cewa yana cikin gwanayen jifa da hannun hagu na lokacinsa, Yorkshire ta sallame shi a 1887 a zamanin kyaftin ɗinta Lord Hawke, wanda ya ƙuduri aniyar gyara tarbiyyar ƙungiyar. Bai zaɓi ranar tafiyarsa ba, ya koma buga wa ƙananan ƙungiyoyi, ya rasu a 1900 yana da shekara 45.