Gindin bai mutu ba, gyara yake so

'Yan'uwa cikin Almasihu, maganar nan ta daɗe tana cina a rai, yau dai sai na faɗe ta. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina cikin ƙungiyar mawaƙa, ba na fashin sujada, taron matasa ina nan, addu'ar dare ina nan, in za a jera bencina ranar asabar ni ake kira, amma watan jiya na zauna ni kaɗai cikin ɗaki da wuta ta ɗauke, waya ba caji, na ce bari in yi addu'a, minti biyar ban kai ba bakina ya ƙare. Ban san abin da zan gaya wa Ubangiji ba. Kamar baƙon da aka bari da maigida a zaure. Abin ya tsorata ni ƙwarai.

Ni a ganina da yawa cikinmu nan Maradi haka muke, hidimar majami'a ta cika mana hannu har mun ɗauka ita ce zumunci da Allah. Kuma na gane dalili, mu kaɗan ne a garin nan, ko'ina ka juya aiki na jiran mutum guda, to sai ka zama Marta, wadda hidima ta sha wa kai, ƙarfi da yaji, ka manta Yesu ya ce 'yar'uwarta Maryamu da ta zauna gabansa tana saurare ita ta zaɓi rabo mai kyau. Ku duba Luka 10 daga aya 38.

Abin da ya buɗe min ido gonar babanmu ce a hanyar Danja. Kun san sassabin zamani ai, wato gyara tofon kututturan itatuwa a gona maimakon sare su duka. Wani mishan ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, da ya yi aiki nan yankin Maradi, a 1983 ya lura cewa 'yan tsiron da manoma ke sarewa duk shekara suna ƙonawa ba ciyawa ba ce, kututturan itatuwa ne da saiwarsu ke da rai a ƙarƙashin ƙasa, ba dashe suke buƙata ba, gyara kawai. Na tsaya ina kallon Baba gaban gindin kalgo mai tofo wajen goma sha biyar, ya duƙa da 'yar wuƙarsa yana taɓa su ɗaya ɗaya, ya zaɓi uku masu ƙarfi da suka miƙe, sauran duk ya datse. Na ce Baba ba ka yi ɓarna ba kuwa, ga su shar da su? Ya ce ɗana in na bar su duka ba wanda zai zama itace, haka za su ƙare a sabara-sabara awaki su cinye. Kan kabu-kabu ina komowa gari Yahaya 15 ce kawai ke yawo a kaina, inda Yesu ya ce shi ne itacen inabi mu ne rassa, reshen da ke ba da 'ya'ya ma Uba yakan tsabtace shi don ya ƙara bayarwa.

Da na dawo na je wajen fasto na ce a sauke min abu biyu daga cikin ayyukana. Bai ji daɗi ba da farko, ni ma kunya ta kama ni, don wasu za su ce na ja baya. Su faɗa. Yanzu da asuba, lokacin da maƙwabtanmu Musulmi ke tashi sallah (kuma gaskiya naciyarsu kan lokaci ta sha zaburar da ni), ni ma nakan tashi, in bar wayar a ɗaki, in shimfiɗa tabarma a tsakar gida da Littafi Mai Tsarki na Hausa da 'yar tocila, in karanta Zabura guda ɗaya tak a hankali har sau uku, sannan in yi shiru. Wata rana ba na jin komai, sai sanyi da kukan zakara. Wata rana kuma aya guda takan riƙe ni har in kasa tashi, kamar Zabura 42 ranar talata, na yi kuka irin wanda rabona da shi tun ranar baftismata.

Ban ce kowa ya aje hidima ba fa, ikilisiya na buƙatar hannuwa. Amma dattawanmu, don Allah in matashi ya zo ya ce ya gaji yana son lokaci da Ubangiji, kar ku fara lissafin wa zai kaɗa ganga ranar Lahadi, ku zaunar da shi ku tambaye shi yaya ransa. Ni shekara goma sha ɗaya ba wanda ya taɓa yi min wannan tambayar, kuma ni ma ban taɓa yi wa ƙannena da ke bayana a layin waƙa ba. Lahadin nan bayan sujada zan fara da biyu daga cikinsu.