Ƙannena sababbin ɗalibai, ku yi tambaya kafin ku buɗe kwant

Barkanku da samun bak, barkanku kuma da shigowa Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo. Ga ƴar nasiha kan asusun banki, domin kowace shekara sai ka ga yaro ya zo daga Dakoro ko Tasawa, abokinsa ya ja hannunsa zuwa banki, an tura masa takardu ya sa hannu, bai karanta ko layi ɗaya ba.

Tambayar farko a gaban ma'aikacin banki ita ce: nawa za ku riƙa cire mini kowane wata? Ku matsa har ya faɗi adadi, ya nuna muku a rubuce. Asusun yau da kullum, wanda ake kira kwant kuran, an tsara shi ne don mai albashi da ɗan kasuwa, kuma yawanci akwai kuɗin kula da shi da ake yanka ko kuɗi sun shiga ko ba su shiga ba. To ku fa? Duk wanda ya yi karatu a ƙasar nan ya san burs ɗin ANAB, hukumar da ke biyan ɗalibai kuɗin tallafin karatu, kan yi jinkiri, wani lokaci watanni. A tsawon jiran nan banki bai daina lissafi ba. A ce jika ɗaya ce a wata, a shekara jika 12 ke nan. Idan asusun ya bushe sai ya koma bashi, ranar da burs ya faɗo banki ne zai fara ɗibar nasa. Shi ya sa a ganina asusun ajiya ya fi dacewa da ɗalibi, sai fa in hanyar biyan burs ta tilasta wani iri. Wannan kuwa yayyenku a ƙungiyar ɗalibai za ku tambaya, don tsarin biya yana canzawa.

Akwai haƙƙinku da da yawa ba su sani ba. Tun ranar 1 ga Oktoba 2014 babban banki BCEAO ya sa wasu ayyuka su zama kyauta a ƙasashe 8 masu amfani da sefarmu: buɗe asusu, kula da asusun ajiya, zuba kuɗi, cire kuɗi a na'urar bankinka, da rufe asusu. Kart ɗin cire kuɗin kansa dai akan biya, kuma in ka zura shi a na'urar wani banki za a yanke ka. Saboda haka ku duba wane banki ne ke da na'ura mai aiki kusa da masaukinku. In ba haka ba kuɗin kabu-kabu da adaidaita za su cinye abin da kuke tattali.

Mai gudun riba ya faɗa tun farko, domin asusun ajiya yana haifar da ruwa. Akwai Banque Islamique du Niger, a je a ji sharuɗɗansu.

Kuɗin cefane da Baba ke turowa daga ƙauye kuwa ba su buƙatar banki. NITA, Amana ko Airtel Money sun wadatar.

Sai abin da ya fi ɓata mini rai: bayar da kart da lambar sirri jingina ga mai ba da bashi don burs ya makara. Ka karɓi jika 20, ya je ya kwashe abin da ya ga dama, ba ka da bakin magana tunda da hannunka ka miƙa. Haka wanda zai ce ka ara masa asusunka a turo masa kuɗi daga wani wuri. In kuɗin zamba ne, sunanka da kart dantite ɗinka ne a takarda, kai ƴan sanda za su nema.

In kun gama karatu ko kun sauya banki, ku je da ƙafarku ku rubuta takardar rufe tsohon asusu, ku karɓi shaida. Daina amfani da shi bai rufe shi ba, cirar wata-wata tana nan tana taruwa da sunanku.