Taron Addu'a da Nauyin Ɗan'uwa

'Yan'uwa ƙaunatattu cikin Almasihu, salamar Ubangiji ta kasance tare da ku. Abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda majami'a take cika maƙil ranar Lahadi, amma idan aka kira taron addu'a na tsakiyar mako, sai a tarar da fasto, dattijo ɗaya ko biyu, da 'yan tsirarun iyaye mata waɗanda ba su taɓa fashi ba. Da yawa daga cikinmu sukan ce ai suna addu'a a gida, kuma hakan daidai ne, domin Yesu da kansa ya koya mana mu shiga ɗaki mu rufe ƙofa. Sai dai akwai nauyin da ba za ka taɓa sanin ɗan'uwanka yana ɗauke da shi ba, sai kun durƙusa wuri ɗaya ka ji muryarsa tana rawa a gaban Allah.

Mu duba sura ta 12 ta Ayyukan Manzanni. Sarki Hirudus ya kashe Yakubu da takobi, sannan ya kama Bitrus ya danƙa shi ga sojoji 16 da ke gadinsa bi da bi, kuma a daren da za a wayi gari a fito da shi, yana barci ne tsakanin sojoji biyu, ɗaure da sarƙa biyu. A wannan daren mutane da yawa suna tare a gidan Maryamu, uwar Yahaya mai suna Markus, suna roƙon Allah dominsa. Da mala'ika ya fitar da shi ya bar shi a kan titi, Bitrus bai tsaya tunanin inda zai nufa ba, domin ya san gidan da 'yan'uwa suke taruwa. Wata baiwa mai suna Roda ta ji muryarsa a bakin ƙofa, murna ta hana ta buɗewa, ta ruga ciki da labari, masu addu'ar kuwa suka ce mata ta haukace. Bangaskiyarsu ba ta kai ta gane amsar da ke ƙwanƙwasa ƙofa ba, duk da haka sun hana idonsu barci saboda mutum ɗaya da suka sani da suna. Ina so kowace ikilisiya ta tambayi kanta: idan masifa ta faɗa wa ɗayanmu da tsakar dare, ya san inda ake kiran sunansa a gaban Ubangiji?

Tarihi ma ya ba da shaida. A garin Herrnhut na ƙasar Jamus, inda 'yan gudun hijira daga yankin Morabiya, a ƙasar Cek ta yau, suka zauna tun 1722 a filin wani basarake mai suna Zinzendorf, gardama kan koyarwa ta kusa wargaza jama'ar. Sun sulhunta a wurin Jibin Ubangiji ranar 13 ga Agusta, 1727, bayan mako biyu kuma maza 24 da mata 24 suka raba sa'o'in dare da rana a tsakaninsu don kada addu'a ta yanke, aka ci gaba da haka fiye da shekara 100. A 1732 wannan ƙaramar jama'a ta aika masu bishara zuwa ga bayi a tsibirin St Thomas da ke yankin Karibiyan. Abin lura shi ne sulhu ya riga tsarin addu'ar zuwa, kamar yadda Ubangiji ya umarta a Matiyu sura ta 5, cewa mai kawo baiko wanda ya tuna ɗan'uwansa yana da wata magana a kansa ya ajiye baikon, ya je su shirya tukuna. Da wuya mutum ya yi ta ambaton wani a gaban Allah mako bayan mako, sannan ya ci gaba da ƙin gaishe shi a ƙofar majami'a.

Akwai kuma wata cuta da ta kori mutane daga taron addu'a, wadda bai kamata mu rufe ta ba. Sai wani ya tashi ya ce, "Mu sa wance a addu'a," daga nan ya zazzage sirrin aurenta gaba ɗaya, kafin mako ya zagayo labarin ya kai kunnen waɗanda ba su taɓa yi mata addu'a ba. Wannan gulma ce da ta ari rigar ibada, kuma duk wanda aka yi wa haka sau ɗaya ba zai sake buɗe baki ba. Wasiƙar Yakubu, sura ta 5, ta ce mu furta wa juna zunubanmu, mu yi wa juna addu'a domin mu warke, marar lafiya kuma ya kira dattawan ikilisiya su yi masa addu'a, suna shafa masa mai cikin sunan Ubangiji. Babu mai furta rauninsa inda ba a riƙe amana. Saboda haka ina roƙon dattawa da shugabannin zumunta su nemi izinin mai matsala kafin a ambaci al'amarinsa a bainar jama'a, su faɗi iyakar abin da ya yarda a faɗa, sannan a wakilta mutum biyu su je gidansa cikin makon su ji yadda ya kwana.