Kafin a yashe Kogin Osun, a auna lakarsa

Kogin Osun yana kwaso ruwan ƙoramun yankin Ilesa, inda ake haƙar zinare, ya zo ya zuba a tafkin Lekki, wajen Epe a jihar Legas. Ke nan mai sarin kifi a Epe da uwargidan da ke cefane a Agege ko Idi-Araba duk suna da hakki a maganar gyaran kogin nan. Ra'ayinmu shi ne, gyaran da aka fara da injin yasa kafin a auna gubar zaiba da ke cikin laka zai iya ƙara ɓarna.

Masu haƙa kan cuɗa zaiba da dakakken dutse ta kama zinaren, su ƙone curin, ragowar ta bi ruwan wanki. Zaiba ta fi ruwa nauyi sau 13 da ɗoriya, saboda haka sai ta nutse ta kwanta a laka da gaɓar kogi, kuma ba ta ruɓewa. A Kalifoniya ta Amurka, rububin zinaren da ya barke a 1848 ya daɗe da wucewa, amma har yau hukumomi na gargaɗin mutane kan cin wasu kifayen kogunan yankin.

Babban haɗarin yana cikin lakar da iska ba ta shiga. A nan wasu ƙwayoyin bakteriya ke juya zaiba ta koma nau'in da ke shiga tsoka, irin wanda ya nakasa mutanen Minamata a Japan, inda aka gano cutar a 1956. Ƙaramin kifi ya ɗauka, babba ya cinye shi, gubar na ninkuwa. Tana manne ne a tsokar kifin, don haka banda ko suya ba sa fitar da ita. Ɗan tayi ne ya fi cutuwa, domin ƙwaƙwalwa take taɓawa.

To, abin da masu gyara suka fi so su yi shi ne gina tafkuna da farfaɗo da fadama don laka ta kwanta ruwa ya washe. Wannan kuwa shi ne ainihin yanayin da bakteriyar ke so, musamman inda ƙasa ke bushewa da rani ta sake jiƙewa da damina. Ruwa sai ya yi garau a ido, kifi kuma ya ƙara guba. Yasa ma haka: tana tayar da zaibar da sabuwar laka ta binne, ta tura ta gangaren kogi, wato wajenmu a Legas.

A fara da toshe tushe. Tukunyar ƙona zaiba mai murfi da bututu tana kama mafi yawan tururin, kuma maƙeri na iya ƙera ta. Sai a ɗebi laka daga zurfi daban-daban, rani da damina, a kuma gwada tsokar manyan kifaye masu cin 'yan'uwansu. Ƙasashe da yawa sun sa iyakar miligiram 0.5 na zaiba a kowane kilo ga yawancin kifi. Wuraren da awo ya nuna gubar ta taru kaɗai za a kwashe, da rani, a zuba a ramin da aka shimfiɗa wa leda mai kauri, nesa da ambaliya. Sauran gaɓar a dasa mata ciyawa kada ta zabtare.

Najeriya ta amince da Yarjejeniyar Minamata, ta ƙasashen duniya kan rage amfani da zaiba, a 2018. Ya kamata NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli, da gwamnatocin Osun da Legas su riƙa gwada kifin Epe a kai a kai, su sanar da sakamakon da Yarbanci da Hausa a kasuwannin da ake sayar da shi.