Ba wayar hannu ce ta ɓata Sherlock ba

Masu cewa wai bai kamata a ɗauko Sherlock Holmes, mai binciken laifukan nan na littattafan Turanci, daga zamanin keken doki a jefo shi zamanin wayar hannu ba, gaskiya ban yarda da ku ba. Arthur Conan Doyle da ya ƙirƙiro shi a 1887 ai ba labarin da can da can ya rubuta ba, Landan ɗin zamaninsa ya rubuta, mutumin nan telegiram yake bugawa, jarida yake bi, yana da ɗan wurin gwaje-gwajen sinadarai a ɗakinsa. Ɗan zamani ne tun asali.

Shi ya sa da BBC suka fito da nasu fim mai dogon zango na zamanin yanzu a 2010, wanda Steven Moffat da Mark Gatiss suka tsara, Benedict Cumberbatch ya fito a Sherlock, abin ya zauna daram. Ku duba ma wani ikon Allah, a littafi abokinsa Dakta Watson likitan soja ne da ya dawo daga yaƙin Afganistan da rauni, bayan sama da shekara 120 da aka tashi yin fim ɗin sojojin Birtaniya suna Afganistan ɗin dai, ko gyara wurin ba a yi ba.

Inda suka fi burge ni shi ne maganar agogo. A littafin 1890 Watson ya miƙa masa agogon aljihu don ya gwada shi, ya jujjuya ya ce na yayanka ne kuma mashayi ne, saboda ƙarce-ƙarcen da ke bakin ramin makullin da ake wana agogon, hannun mai maye ne ke rawa da daddare. A fim sai suka mayar da shi waya, ƙarcen yana bakin wurin sa caja. Hujja ɗaya, kaya ne kawai suka canza, kuma kai mai kallo kana iya binsa taki-taki har ka ce kai, ai ni ma da na lura da na gane. Wannan "da na lura" ɗin shi ne duk daɗin labarin bincike wallahi.

To nan ne suka zo suka yi sake. Daga zango na uku sai mutumin ya koma kamar boka, ya rufe ido rubutu ya yi ta yawo a allo, ya buɗe ya faɗi amsa, ba a nuna maka komai ba balle ka gwada taka basirar. Ya faɗo daga saman asibiti a 2012, mutane suka yi shekara biyu cur suna lissafin yadda ya tsira, aka dawo 2014 aka ba su bayani iri-iri ana musu dariya a fakaice. Zango na huɗu kuwa ba a magana, wai ashe yana da wata 'yar'uwa da aka ɓoye a kurkukun tsibiri wadda ke juya tunanin mutane da magana kawai. Haba! Labarin ya bar masu kawo ƙara ya koma rigimar gidan su Holmes.

Alhali a wurin Doyle yawanci ƙaramin mutum ne ke hawo benen gidan Sherlock na 221B Baker Street da ƙaramar damuwa. Akwai mai shagon jingina mai jan gashi da ake biyansa fam 4 duk mako ya je wani ofis ya yi ta kwafar kundin ilmi da hannu, ashe fitar da shi ake daga shago don a haƙa rami zuwa bankin da ke bayansa. Abin dariya a farko, fashi a ƙarshe, kuma duk alamun suna gabanka har da gwiwar wandon yaron shagon.

Na Amurka, Elementary, da aka yi ta zagi tun kafin ya fito a 2012 don sun kai shi New York sun mayar da Watson mace, Lucy Liu, ni a ganina ya fi riƙe amanar nan. Fitowa 154 suka yi zuwa 2019, na BBC 13 ne kacal, kuma kusan kowace fitowa ga gawa ga shaidu ga bincike har a kama mai laifi. Bai kai na BBC ƙyalƙyali ba, wasu fitowar ma lami ne, amma Sherlock ɗinsu yana zama tsakiyar fayil ya kwana yana aiki kana gani.