Nasiha ga matasan da ke rubuta wa ofis sikirif na imel

Assalamu alaikum ƙannena, musamman ku da kuka fara iya rubuta 'yan umarni wa kwamfuta, har aka miƙa muku ragamar kwamfutar ofis ko ta shago.

Akwai wata ɗabi'a da nake yawan gani, kuma ba ta kwanta mini ba. Yaro ya zauna ya rubuta sikirif, wato ɗan jerin umarni da kwamfuta ke bi, mai kwashe takardun da aka maƙala a imel ya adana su a folda, ko mai tura wa kwastomomi takardar biyan kuɗi duk ƙarshen wata. Abu ya yi kyau, oga ya yaba. Mutum huɗu ke amfani da kwamfutar, kowa da akawun ɗinsa, duk suka ce suna so. Sai gogan ya jefa fayil ɗin a foldar Public, inda kowa ke iya buɗewa ya gyara, ya ce ga shi nan, kowa ya ɗiba.

Ƙanena, sikirif ba shi da ikon kansa. Da ikon wanda ya kunna shi yake aiki. Idan akantar ofis, mai kula da kuɗi, ce ta kunna, akwatinta zai karanta, da sunanta zai aika saƙo. To duk wanda ke iya ƙara layi biyu a fayil ɗin nan, yana iya sa kwafin kowane saƙonta ya riƙa zuwa masa, bai ko san kalmar sirrinta ba. Ranar da asiri ya tonu kuma, sunanta za a gani a saƙonnin da aka tura, ita za ta sha tambaya.

Shi ya sa manhajar imel ta Outlook ke ajiye makaro, wato sikirif da ke aiki a cikin manhajar, a fayil mai suna VbaProject.OTM cikin foldar AppData ta kowane mutum daban. A Mac ma, manhajar Mail ba ta kunna sikirif ta hanyar dokokin saƙo sai wanda ke foldar Application Scripts ta mai akawun. Wasunku na ganin wannan wahala ce kawai da masu manhajar suka ɗora wa mutane. Wuya suka sha kafin su gina katangar. A watan Maris na 1999, ƙwayar cutar kwamfuta mai suna Melissa ta shigo a takardar Word, tana tura kanta ga mutum 50 na farko a jerin adireshin Outlook. A watan Mayu na 2000, wata mai suna ILOVEYOU ta taso daga Manila, ɗan sikirif ne kurum, amma kowa da ke jerin take tura wa. Mutane sun buɗe ne saboda daga wanda suka sani saƙon ya fito. Har a 2022 sai da Microsoft ta mayar da toshe makaro a takardun da aka sauko da su daga intanet ya zama tsarin asali. Kai kuma don kada a dame ka da gargaɗi, ka shiga saiti ka ba kowane makaro izini. Haba!

Mafi muni shi ne rubuta kalmar sirri a cikin sikirif ɗin, ƙiri-ƙiri. Kalmar nan mai haruffa 16 da Gmail ke bai wa manhajoji ba ta neman lambar tabbatarwa ta waya. Wanda ya kwafe ta ya shiga, ko da wayar na aljihun mai ita. Kowa ya sa tasa a akawun ɗinsa, sikirif ya ɗauko daga ma'ajiyar kalmomin sirri ta kwamfutar.

Ni ma na taɓa ƙonewa, kada ku ɗauka waliyyi ke magana. Na bar adireshina a wani sikirif da na ba abokiyar aiki, sai ga rasit ɗin albashinta a akwatina. Na je na faɗa mata da bakina, amma na fi mako ina jin nauyin haɗa ido da ita. Allah Ya hana mu bin diddigin sirrin juna a Suratul Hujurat, aya ta 12, kuma wanda ya san kan na'ura ya fi kowa kusa da wannan ramin.

Rabawa ba laifi ba ce. Ka ajiye asalin fayil ɗin inda mai kula da kwamfutar kaɗai ke iya gyarawa, kamar Program Files, saura su karanta kawai. Idan makaro ne na Outlook, fitar da shi a matsayin fayil mai ƙarewa da .bas, kowa ya shigar a nasa. Kada ka kwafe VbaProject.OTM ɗinka ka danne na wani, za ka share masa duk abin da ya tara. Kada ka rubuta sunan foldarka ko adireshinka a ciki. Sannan ka zaunar da kowa ka gaya masa abin da sikirif ɗin ke taɓawa, cikin Hausa mai sauƙi, kafin ya kunna.

Idan wani ya bar aiki, a ranar a rufe akawun ɗinsa, a soke kalmar manhajar da aka ba shi, a kuma duba dokokin tura saƙo da ya bari a akwatin ofis, kafin ma ya kai bakin ƙofa.