Shekarar 2021 a mulkin Buhari, kamar yadda muka gan ta daga Zamfara

Na jefa wa marigayi Muhammadu Buhari ƙuri'ata a 2015, na sake jefa masa a 2019, kuma ina yi masa addu'ar Allah ya jiƙansa. Amma duk lokacin da aka zauna ana bitar shekaru takwas na mulkinsa, shekarar 2021 ce take tsaya mini a rai, domin a cikinta na gane cewa abin da ake kira siyasa a Abuja daban yake da abin da ke hana mu barci a nan.

A watan Janairu shugaban ƙasa ya sauya manyan hafsoshin tsaro bayan an daɗe ana kiraye-kiraye, muka sa rai. Ranar 26 ga Fabrairu sai 'yan bindiga suka shiga makarantar 'yan mata ta Jangebe a ƙaramar hukumar Talata Mafara, suka kwashe ɗalibai 279. An sako su bayan 'yan kwanaki, gwamnatin tarayya kuma ta haramta shawagin jirage a sararin samaniyar jihar.

Watan Yuni kaɗai ya ishi mai neman fahimtar shekarar. A farkonsa gwamnati ta dakatar da Twitter bayan kamfanin ya goge wani saƙo na shugaban ƙasa, kuma kwana biyu kacal aka ɗauka kafin a yanke wannan hukunci. Ranar 17 ga watan aka sace ɗaliban kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yauri a maƙwabciyarmu Kebbi, waɗansu 'yan matan sai a 2023 suka dawo gaban iyayensu. Ranar 29 kuwa aka cika Gusau da manyan baƙi da kaɗe-kaɗe, domin Gwamna Bello Matawalle ya bar PDP ya koma APC. Magoya baya suka yi ta gaya mana cewa tunda jiha ta haɗe da jam'iyya mai mulki a tarayya, taimako zai zo da sauri. Na so in yarda da su, domin wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Abin da ya zo a watan Satumba shi ne rufe layukan waya a duk faɗin jihar, tare da rufe kasuwannin mako, da hana safarar dabbobi a manyan motoci, da hana sayar da fetur a jarka. Na san dalilin da aka bayar, wato a yanke wa 'yan bindiga hanyar samun labari da abinci da mai, kuma ba zan ce dalilin banza ne ba. Sai dai talaka ne ya ɗauki nauyin. Mahaifiyata tana kwance ba lafiya a ƙauye, na yi makonni ban ji muryarta ba, sai dai in ba direba saƙo in jira ya dawo. Masu POS sun zauna, manomin da ke sayar da akuya ɗaya ya sayi magani ya rasa inda zai kai ta, kuma ƙauyen da aka kai wa hari da dare ba shi da hanyar kiran agaji. Mun haƙura saboda an ce wahalar ta ɗan lokaci ce, za a gama da su a daji. An buɗe layuka, an buɗe kasuwanni, su kuwa suna nan inda suke.

Sai a ƙarshen Nuwamba wata babbar kotun tarayya a Abuja ta ayyana 'yan bindigar a matsayin 'yan ta'adda, abin da mutanen Zurmi da Shinkafi da Ɗansadau suka sani shekaru da dama kafin nan. Gwamnati ta wallafa hukuncin a hukumance a farkon Janairun 2022, kuma a cikin wannan makon ne aka afka wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum aka kashe mutane masu yawa.